Aikin bayan fage na SAP: ya cancanci a dogara da shi wajen ciro bayanai?

Duk akantan da ke aiki da SAP, manhajar da kamfanoni ke tafiyar da lissafi da harkokinsu a kanta, a Sakkwato ya san wannan ciwon kai na ƙarshen wata. Ka buɗe rahoton ciniki na wata uku, ka danna, allo ya tsaya yana juyi, can sai intanet ya yanke ko a ɗauke wuta, aiki ya koma farko. Ko da komai ya zauna lafiya, manhajar kanta tana da iyaka: a saitinta na asali, aikin da ake yi a gaban allo ba ya wuce daƙiƙa 600, wato minti goma. Da ya zarce sai ta katse shi, ka tarar da saƙon kuskure TIME_OUT a ST22, shafin SAP da ke nuna shirye-shiryen da suka faɗi.

Maganin yana cikin manhajar tun asali, ba a sayensa daban. Shi ne tura aikin zuwa bayan fage, inda sabar, wato babbar kwamfutar da SAP ke zaune a kanta, ke gudanar da shi ita kaɗai, babu wannan iyakar lokaci, kuma ba ruwanta da ko kwamfutarka na kunne. Ga ofishin da ke raba siminti ko taki zuwa Illela, Wurno da Tambuwal, wanda layin intanet ɗinsa ke rawa da rana tsaka, wannan kaɗai ya isa dalilin amfani da shi.

Saitin ba wuya. A shafin SE38 (irin waɗannan lambobi ake rubutawa don buɗe shafukan SAP) za ka ajiye zaɓinka, wato lambar kamfani, reshe da tsakanin kwanakin da kake so, ƙarƙashin suna ɗaya. Sai ka shiga SM36 ka raɗa wa aikin suna, ka ba shi aji (A ne mafi fifiko, C na yau da kullum), ka saka shirin da zaɓin da ka ajiye, ka tsayar da lokacin farawa da yadda zai riƙa maimaituwa. A SM37 kake duba halin da yake ciki. A ganina ciro bayanai aikin aji C ne. Masu sa wa komai A suna danne ayyukan da suka fi nasu gaggawa, domin guraben bayan fage ƙidayayyu ne, ana ganinsu a SM50, kuma idan sun cika kowa layi zai bi.

Inda sabon hannu ke fara tuntuɓe shi ne wurin da fayil ke sauka. Shirin da ke amfani da GUI_DOWNLOAD, umarnin da ke sauke fayil a kwamfutar mai aiki, ba zai yi aiki a bayan fage ba, tunda babu allon da zai miƙa wa fayil ɗin. Dole a rubuta shirin da umarnin OPEN DATASET ya ajiye fayil ɗin a kan sabar, a duba ta AL11, sannan a kwaso. Wannan yana buƙatar izinin S_DATASET ga sunan mai amfani da aikin ke gudana a ƙarƙashinsa. A nan SAP bai kyauta wa ƙaramin ma'aikaci ba, don sai ya bi ta hannun mai kula da tsarin kafin ya taɓa abin da shi ya ciro.

Babban aibin kuwa shi ne koren rubutun da SM37 ke nunawa idan aiki ya kammala. Ma'anarsa shirin ya kai ƙarshe bai faɗi ba, shi ke nan. Bai ce bayanan daidai suke ba. Ɗauki wanda ya rubuta 1 zuwa 31 ga Janairu da hannu a zaɓinsa, ya sa aikin ya riƙa maimaituwa duk wata. Har Yuni zai riƙa samun kore, kuma duk fayil ɗin na Janairu ne. Gyaran shi ne a sa kwanan wata mai sauya kansa, ko a ɗauko shi daga TVARVC, teburin da SAP ke ajiye irin waɗannan ƙimomi masu sauyawa. Ya kamata kuma shirin ya rubuta adadin layuka da jimillar kuɗi a ƙarshen fayil, akanta ya gwada da abin da ke littafinsa kafin ya amince.

Manyan teburan lissafin kuɗi irin BSEG, ko ACDOCA ga masu sabon nau'in SAP mai suna S/4HANA, ba a kwashe su a tashi ɗaya. Shirin da ya yi yunƙurin haka zai cinye ƙwaƙwalwar sabar ya faɗi da TSV_TNEW_PAGE_ALLOC_FAILED. A ɗebo kashi-kashi da umarnin PACKAGE SIZE, misali layi 50,000, a rubuta, a zubar, a ɗebo na gaba. Idan da matakai biyu, ciro da turawa, a haɗa su cikin aiki guda, domin in na farko ya faɗi na biyu ba zai tashi ya tura rabin fayil ba.

Akwai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Sunayen dillalai masu ƙ, ɗ da ɓ suna lalacewa idan ba a rubuta fayil da UTF-8, tsarin adana haruffa da ke ɗaukar su, ba, sai ka ga alamar # a tsakiyar sunan Alhaji Ɗanladi. Excel ma yana nasa ɓarnar: yana cire sifilin farko na lambar waya da lambar kaya, kuma shafinsa ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576. A shigo da waɗannan ginshiƙai a matsayin rubutu, kada a buɗe fayil ɗin da danna biyu.

Lokacin farawa kuma agogon sabar yake bi. In tana kan UTC, wato agogon GMT, ƙarfe 1 na dare a SM36 ƙarfe 2 ne a Sakkwato. A tabbatar da wannan tun ranar farko, sannan a tsayar da aikin bayan reshe na ƙarshe ya gama shigar da rasit ɗinsa na ranar.