Horon tonon kayan tarihi a Kano: ruwan dare ɗaya ya cinye mana aiki

Masu ta tambayata a WhatsApp ko su biya kuɗin horon nan na tonon kayan tarihi, ga amsata a fili kowa ya gani. Kuɗin kun san shi, masu shiryawa ma kun san su, ba sai na kama suna ba.

Abin da ya ja ni shi ne an ce a nan cikin Kano za a yi, ba sai mutum ya tafi Zariya ba. Ni ɗan cikin gari ne, tun ina yaro nake hawa Dala, da na girma na ji ana cewa an samu shaidar narka ƙarfe a wajen tun ƙarni na 7, ina so in ga da idona yadda ake gane irin wannan daga ƙasa kawai.

Fili aka ba mu kusa da ganuwa, bayan wasu gidaje, gefen wani tsohon kududdufi. Ana idar da sallar asuba muke fita saboda rana, a sha koko da ƙosai a tsaye, a ɗau cebur da kwanon sarki da rariya. An kafa kusoshi an ja igiya, mita 2 kowane gefe, kuma ba wai ka kafta diga yadda ka ga dama ba, santimita 10 za ka sauka ka tsaya, a kankare da cokalin magini, a share da buroshi, a auna, a zana, a ɗau hoto, duk ƙasar da ta fito sai an tankaɗe ta. Gwiwa ta ji jiki, baya ya ji jiki, amma wallahi ina jin daɗin abin.

To sai da muka wuce ledoji da fasassun kwalabe na sama, muka wuce jar ƙasa, muka faɗa wata baƙar ƙasa mai toka. Nan tsingaro ya fara fitowa, wasu da zane a wuya, ga kashin maƙera, ga gawayi. Malamar da ke kula da raminmu ta ce kada wanda ya taɓa gawayin da hannu, da cokali aka ɗebe shi aka naɗe a foyil, don shi ake turawa gwajin kabon a san shekarunsa. Ranar babu wanda ya yi maganar gajiya a cikinmu.

Da yammacin nan hadari ya haɗo daga gabas. Mu da kanmu muka je wajen babban mai shiryawa muka ce Yallaɓai a samo tamfol a rufe ramin nan, ya ce sai gobe, wai kuɗin bai fito ba tukuna. A watan Agusta fa, a Kano, lokacin da ko yaro ya san ruwa ya fi ƙarfi, mutum ya karɓi kuɗin mutane ya buɗe rami ba tamfol ko ɗaya. Muka ce to mu haɗa kuɗi a tsakaninmu, ya ce a bari ba za a yi ruwan ba.

Aka kwana ana tsuga ruwa. Da safe rami ya cika maƙil, bango biyu sun zube, ƙasar sama da sharar da ke cikinta ta gangaro ta haɗe da baƙar ƙasar da muka yi ta lallaɓawa. Abin da ya fi ƙona min rai ma ba wannan ba ne. Ledojin kayan da muka tara a wata rumfa aka ajiye su mai yoyo, kuma bayanin kowace leda da biro aka sa muka rubuta a takardar littafi, tawada ta wanke, takarda ta zama kamar kunu. Yanzu ba mai iya cewa wannan tsingaron daga santimita 40 ya fito, wancan daga mita ɗaya. Tono sau ɗaya ake yin sa, in ka ɗebe ƙasa ka ɗebe ke nan, rubutun nan shi kaɗai ne shaidar inda abu ya kwanta shekara da shekaru. Malama ta tsuguna tana ɗaga ledojin ɗaya bayan ɗaya, idonta ya yi ja, ba ta ce da kowa komai ba.

Ita kam Allah Ya saka mata da alheri. Ta sa muka kwashe ruwan, ta gyara bangon da ya rage ta koya mana zana launukan ƙasa hawa-hawa, har yau in na wuce inda ake haƙa harsashin gini sai na tsaya na leƙa. Ita ce kuma ta kai mu Gidan Makama, ta zagaya da mu sauran ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, ta nuna mana yadda aka jera tubali, da wuraren da masu gini suka cinye ta har ba ka gane an taɓa yin badala a wajen. In don ita ce, sai in ce ku je ku biya ba ku yi asara ba.

Amma da na tuna sai raina ya sake ɓaci, don ba tamfol kaɗai ba ne. An karɓi kuɗin mota daban da sunan za a kai mu Birnin Kudu mu ga zanen duwatsu, ba a je ba, ba a maido ba. Satifiket ma shiru, kullum sai a ce ana sa hannu.

Wanda ya dage sai ya je, ya tambaya ko da rani za a yi, ya ga tamfol da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa da idonsa kafin ya tura ko sisi, ya kuma tabbatar malamar nan tana ciki. Ni dai ba zan sake ba su kuɗina ba sai sun maido na motar.