Inshorar mota bayan dogon hutu: sun biya ni, amma kuɗin goro suke yi wa direbobi

Duk wanda ya jingine tuƙi kafin 2023, yanzu yake shirin komawa kan sitiyari, to ya goge tsohon lissafin inshora daga kansa. Ni na koma tuƙi a 2025 bayan na dawo daga karatu a Malesiya, tsawon lokacin kuwa Corollata tana lulluɓe da tamfol a gidan yayana a Hanwa, Zariya. Na sayi cikakkiyar inshora, wato mai ɗaukar har gyaran motarka, a wani kamfanin takaful (inshora a tsarin Musulunci), na nemi diyya sun biya, wa'adin takardar kuma ya kusa cika. Takardarsu ta gaskiya ce, mu'amalarsu ba laifi. Inda muka saɓa shi ne wajen farashi, musamman yadda suke kallon tsohon direba.

Ƙaramar inshora, wato wadda doka ta wajabta, ba ni da ƙorafi a kanta. Na bar ta a Naira 5,000, na tarar da ita a 15,000, tun daga 1 ga Janairu, 2023 da NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ta sauya farashi. Mutane sun yi ta surutu a kan ninkawa uku, amma diyyar dukiyar wanda ka yi wa ɓarna ita ma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur 3,000 ne, keke napep 5,000, babbar motar kaya 100,000. Naira 15,000 a yau ba ta cika rabin tankin Corolla ba, kuma ta shekara guda ce. Tun 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka fara matsa lamba a kanta, saboda haka ko ba ka so za ka yi. Sai dai a sani, wannan ba ta gyara motarka ko da madubi ne. Ta wancan mutumin take gyarawa.

Cikakkiyar ce ta girgiza ni. Wannan sanarwar ta NAICOM ta ce kuɗin cikakkiyar inshora ba zai yi ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba, bayan an cire duk wani rangwame. A takarda kashi 5 ba wani abu ba ne. To amma kashi 5 na nawa? Bayan da aka saki Naira a tsakiyar 2023, kuɗin motocin hannu ya yi tashin gwauron zabi. Motar da na saya miliyan 2 da rabi, ta tsufa a ajiye, ɓeraye sun ci wayoyinta, amma da aka zo yi mata kuɗi sai aka ce miliyan 7. Kashi 5 ya kama 350,000, a biya gaba ɗaya, domin ƙa'idar inshora a ƙasar nan ita ce in ba ka biya ba, ba a ɗauki nauyinka ba. Ga lasin tuƙi ya mutu, takardun mota sun mutu, tayoyi sun tsattsage, batir ya tafi. Duk a wata ɗaya.

Kafin tafiyata ina da cikakkiyar inshora a wani kamfani daban, na yi shekaru ban taɓa neman ko sisi ba, har rangwamen rashin haɗari ya taru mini. Na ɗauko tsofaffin takardun na tura wa wakilin kamfanin ta WhatsApp, ina ganin za su yi mini rana. Yaro ne mai ladabi, ya kira ni da kansa.

"Yallaɓai, na gani, Allah ya ƙara kiyayewa. Amma tunda takardar ta mutu ba a sabunta ba, rangwamen ya bi ruwa. Ko da yana nan ma, ba ni da ikon sauka ƙasa da kashi 5."

Na ce, "To ɗan'uwa, ni da yaron da ya karɓi lasin jiya bambancinmu me?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "A wajen Allah akwai, ranka ya daɗe. A kwamfuta babu."

Wannan shi ne babban ƙorafina. Babu wanda ya tambaye ni shekara nawa na yi ina tuƙi, ko ina nake zuwa da motar, ko a ina take kwana. Ba su ma damu da cewa na daɗe ban riƙe sitiyari ba, alhali da sun ce hannuna ya yi sanyi don haka za su ƙara mini wani abu, da na fahimta, ko ba komai an dubi direba. Mota kawai suke yi wa kuɗi. Malamin da ke kai yara makaranta a Samaru ya wuce ofis, da matashin da ke tsere a hanyar Kano da daddare, in dai motarsu iri ɗaya ce, kuɗin goro ake yi musu. A Ingila, yawancin kamfanoni suna karɓar shaidar rangwamen mutum har shekara 2 bayan takardarsa ta mutu. Nan kuwa ba wanda ya ajiye maka tarihinka. Na san dalilin da ya sa aka sa ƙa'idar kashi 5: kamfanoni sun daɗe suna karya farashi don jan kwastoma, ranar biyan diyya kuma a shiga kame-kame. Gyaran yana da ma'ana. Amma mai kiyayewa ne ya ɗauki nauyinsa.

Akwai dabarar da kowa zai ba ka a majalisa: ka ce motar miliyan 3 ce, ka biya 150,000 ka huta. Wakilin ya gargaɗe ni tun kafin in tambaya, ya kuma nuna mini wurin a cikin sharuɗɗan. In aka sace motar, abin da ka rubuta shi ne iyakar abin da za ka samu, ba ya sayen rabin irinta. In kuma gyara ne, suna iya rage diyyar daidai da yadda ka rage darajar. Na yaba masa da ya faɗa, don wani zai yi shiru ya karɓi kamashonsa.

Duba motar ma ta waya aka yi, tunda ba su da ofis a Zariya, sai Kaduna. Tana garejin bakanike a Sabon Gari, ya sa na kunna bidiyo na zagaya ta, na ɗaga bonet, na goge lambar shasi da tsumma har ya karanta ta, na tayar da inji ya ji. Ya hango wata tsohuwar lotsawa a bamba ta baya ya ce in matso da waya, ya rubuta ta, wai kada gobe in ce sabuwa ce. Kuɗin kuma asusun kamfani na tura, ba nasa ba. Washegari na danna *565*11# na sa lambar motar, sunan kamfanin da ranar ƙarewa suka fito daga NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya. Wanda ya saba ba wa ɗan kamasho kuɗi ya haɗo masa takardu a dunƙule, ya gwada wannan lambar yau. Na ga mutanen da suka gwada a gabana, babu abin da ya fito.

Diyyar ta zo ne bayan wani mai keke napep ya kutso tsakanina da wata tirela a Kwangila ya murje mini ƙofar baya. Kafin in fito jama'a sun taru ana "a yi haƙuri, Alhaji, talaka ne". Takardar inshora kam bai ma san inda take ba. Na ɗauki hotuna, na kira wakilin a nan take. Tunda ba wanda ya ji rauni, hotuna da fom da kiyasin mai gyaran bodi da na mai fenti suka nema. Sun zabge kiyasin, sun ce ƙofar za ta bugu ba sai an canja ba, kuma da aka buga ta fito lafiya. Sannan suka cire kason da mai mota ke ɗauka da kansa a kowane gyara. Wannan yana rubuce, amma a ƙananan haruffa, kuma ba a jaddada mini shi ranar biya kamar yadda aka jaddada sauran ba. Kuɗin ya ɗauki makonni, sai da na yi ta bibiya, amma ya shigo.

Na zaɓi takaful ne don hankalina ya fi kwanciya da tsarin: gudummawa ce ake zubawa a asusu ɗaya a taimaki wanda tsautsayi ya faɗa wa, kamfani ya ɗauki ladan kula, rarar da ta saura a raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Kada dai wani ya zo da tunanin ya fi araha. Kashi 5 ɗin nan yana nan daram.

Wanda motarsa ba ta wuce Tudun Wada zuwa Kongo, kuma in ta lotse zai iya gyarawa daga aljihunsa, ƙaramar ta ishe shi, in dai ta fito a NIID. Ni aiki yana kai ni Kaduna, kuma in motar nan ta salwanta albashina ba zai sayi wata ba, shi ya sa zan sabunta ina ƙunƙuni. Na dai nemi wakilin ya turo mini farashin matsakaiciyar, mai ɗaukar gobara da sata haɗe da ta dole, in kwatanta kafin wata ya ƙare.