Makonni uku ina bin Tour de France ta manhajar kallo kai tsaye

A shekarun baya, sanin da na yi wa Tour de France, babbar gasar tseren keke ta ƙasar Faransa, bai wuce abin da ake gani a taƙaitaccen bidiyo na minti biyar ba: mahaya keke sun yo kan layin ƙarshe a guje, ɗaya ya ɗaga hannuwa sama, daga nan sai a nuna wani sanye da riga ruwan ɗorawa, wato rigar wanda ke kan gaba a jimillar lokaci, yana karɓar furanni. Da gasar 2024 ta ƙarato, na yanke shawarar biyan kuɗin wata guda a wata manhaja da ke haska wasanni kai tsaye ta intanet, domin in bi tseren tun daga ranar 29 ga Yuni da aka tashi daga birnin Florence na Italiya har zuwa ranar 21 ga Yuli da aka kammala a Nice. Zango 21 ne da ranakun hutu biyu, tafiyar da ta kusa kilomita 3,500, kuma na kalli mafi yawansu, wasu a lokacin da ake yi, wasu da dare bayan an tashi.

Abu na farko da ya kamata mai niyyar biya ya sani shi ne, hotunan tseren ba manhajar ce ke ɗaukar su ba. Kamfanin ASO ne ke shirya gasar, gidan talabijin na ƙasar Faransa kuma shi ke ɗaukar hotunan da ake rarraba wa duniya, ta hanyar masu kyamara a bayan babura da jirage masu saukar ungulu, da kuma wasu jiragen da ke shawagi can sama suna karɓar sigina suna miƙa ta. Saboda haka kyawun tsaunuka da gonaki da tsofaffin gine-ginen da ake gani iri ɗaya ne ko ta wace kafa mutum ya kalla. Abin da kuɗinsa ke saya masa shi ne damar ganin zango tun daga tashi har sauka, da masu sharhi, da alƙaluman da ke biye da hoto, da kuma damar komawa baya ya kalli abin da ya wuce shi. A kan waɗannan na auna manhajar.

Ganin zango cikakke shi ne ya fi komai daraja a wurina, domin shi ya nuna mini cewa abin da na daɗe ina ɗauka tseren mutum ɗaya ne ashe aikin gayya ne. Ƙungiyoyi 22 suka shiga, kowacce da mutum takwas, jimilla 176, kuma mafi yawansu ba su zo da fatan lashe komai ba. Aikinsu shi ne su shiga gaban jagoransu su tare masa iska, su koma baya wajen motar ƙungiya su ɗauko masa ruwa da abinci, idan kekensa ya lalace a mummunan wuri har nasu suke miƙa masa. Wanda ke bayan wani yana kashe ƙarfi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da wanda ke fuskantar iska, kuma a kan wannan gaskiya ɗaya aka gina dukkan dabarun wasan. Kusan kullum wasu 'yan tsiraru kan ɓalle daga babban ayari tun da wuri, ayarin ya ƙyale su su ba da tazarar mintuna, sannan ya riƙa janyo su sannu a hankali da lissafin ya cim musu dab da ƙarshe. Ranar farko ma lissafin ya ƙwace wa ayarin. Romain Bardet na Faransa da abokin ƙungiyarsa Frank van den Broek suka riƙe gaba su biyu a kan hanyar Rimini, tazarar da ke rubuce a kusurwar allo tana ta narkewa, har suka tsallake layi da ratar daƙiƙa biyar kacal. A taƙaitaccen bidiyo, mutum biyu ne kawai za a gani suna murna. Wanda ya zauna da su cikin sa'ar ƙarshe, yana kallon lambar tana raguwa yana lissafa kilomitocin da suka rage, shi ya san irin wuyar da aka sha kafin a samu waɗannan daƙiƙu biyar.

Ranar da ba zan manta ba ita ce 1 ga Yuli, zango na uku, wanda ya fi kowanne tsawo a shekarar, kimanin kilomita 230 zuwa birnin Turin. Sa'o'i suka shuɗe babu wani abin a zo a gani, har na soma tunanin ajiye wayar. Sai ga Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritiriya, ya kutso ta gefen shinge a mitocin ƙarshe ya wuce kowa, ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a gasar da aka fara tun 1903. Na maimaita wannan wuri ya fi sau biyar, kuma a nan ne maɓallin komawa baya da na rage gudun hoto suka yi mini rana, domin sai a maimaici na ga yadda ya jira ƙofa ta buɗe tsakanin wani mahayi da shingen, ya kuma shige ta ba tare da ya taɓa birki ba. Ya sake ci a zango na takwas da na goma sha biyu.

Neman koriyar rigar da ya yi shi ne ya ƙara tabbatar mini da amfanin kallon zango tun daga farko. Ita wannan riga da maki ake cin ta, kuma ba a layin ƙarshe kaɗai ake tara makin ba, akwai wani layi a tsakiyar hanya inda masu gudu ke fafatawa, wanda taƙaitattun bidiyo ba su cika nunawa ba. Kullum nakan duba taswirar zango a manhajar in ga kilomita nawa ne zuwa wannan layi, in tabbatar ina gaban allo lokacin da Girmay da Jasper Philipsen na Beljiyam za su gwada ƙwanji. Da Girmay ya faɗi dab da ƙarshen zango na goma sha shida a Nîmes, Philipsen kuma ya ci ranar, tazarar makin ta ragu sosai, na kwana cikin zullumi. Ya tashi ya ci gaba, ya haye tsaunukan makon ƙarshe waɗanda azaba ce ga masu irin jikinsa, ya kai rigar har Nice, ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

Masu sharhin sun cancanci yabo a mafi yawan lokaci. Akwai tsofaffin 'yan tsere a cikinsu, kuma su ne kan gane mahayi daga yadda yake zama a kan sirdi tun kyamara na nesa, su kuma faɗi abin da wata ƙungiya ke ƙullawa minti goma kafin ya bayyana. A zango na biyar, lokacin da Mark Cavendish na Birtaniya ya ci nasararsa ta 35 yana da shekara 39, ya wuce tarihin 34 da Eddy Merckx ya kafa, sun bi shi daga bayan wannan mahayi zuwa bayan wancan suna bayyana dalilin kowane motsi, abin da idona kaɗai ba zai taɓa tsinkaya ba a cikin wannan cunkoso. Inda suka gaza shi ne karkata ga 'yan ƙasashen da suka fi sabo da su. A kwanakin farko an fi tattauna kurakuran abokan karawar Girmay fiye da ƙwarewarsa, sai da ya ci na biyu harshe ya sauya. Wannan ya sosa mini rai, har wasu ranaku na koma ga zaɓin da manhajar ta tanada na kashe sharhi a bar sautin hanya kawai, wato ƙarar sarƙa da ihun 'yan kallo da rugugin jirgi, kuma na ji daɗinsa musamman a kan tsauni.

Alƙaluma su ne ƙashin bayan kallon tsauni. Kowane keke yana ɗauke da ƙaramar na'ura a ƙarƙashin sirdi mai nuna inda yake, manhajar kuma tana da shafi na daban da ke nuna tazara tsakanin rukunoni, da tsananin hawan da ake ciki, da nisan da ya rage zuwa ƙololuwa. A zango na huɗu, a kan tsaunin Galibier mai tsayin mita 2,642, ta nan na ga yadda 'yan ƙungiyar Tadej Pogačar na Sulobeniya suka riƙa ƙara wuta ɗaya bayan ɗaya har rukunin gaba ya koma 'yan ƙalilan, kafin shi da kansa ya arce dab da ƙololuwa ya ƙara tazarar a gangara. Zango na goma sha ɗaya zuwa Le Lioran ya fi shi armashi. Pogačar ya kai farmaki saura kimanin kilomita 30, Jonas Vingegaard na Denmak, wanda ya karya ƙashin kafaɗa da haƙarƙari ya kuma ji rauni a huhu a wani mummunan hatsari cikin watan Afrilu, ya bi shi daƙiƙa bayan daƙiƙa har ya kamo shi a hawa na gaba, sannan ya doke shi a kan layi. Sai dai a wannan rana ce na gano wani aibi da ya dame ni har ƙarshen gasar: alƙaluman shafin taswira suna riga hoto da kusan rabin minti. Na ga tazarar ta koma sifili alhali a hoto Vingegaard bai iso ba tukuna, wato an faɗa mini ƙarshen labari ana tsakiyar ba ni shi. Daga ranar na daina buɗe shafin idan an shiga kilomita goman ƙarshe.

Aibin da ya fi wannan girma yana wajen kallon maimaici. Zango kan ɗauki sa'a huɗu zuwa biyar, kuma da rana ake yin sa, lokacin da yawancin mutane ke bakin aiki, don haka dole wasu ranaku sai dare. Amma da zarar mutum ya buɗe manhajar, hoton wanda ya ci ne ke tarbarsa a shafin farko da sunansa ɓaro-ɓaro, ban da sanarwar da ke faɗowa a waya minti kaɗan bayan an gama. Haka aka ɓata mini zango na tara, na hanyoyin tsakuwa a kewayen Troyes, wanda na wuni ina ɗokinsa. Sanarwar ana iya kashe ta, ko da yake sai da na sha nema kafin na ga wurin, amma hoton shafin farko babu yadda za a yi da shi. Ina ganin kamfanin da ke sayar da maimaici ya kamata ya fi kowa sanin cewa darajar maimaici tana ga rashin sanin sakamako.

Hoton ya tsaya mini cak sau biyu ko uku, mafi ciwo a hawan Plateau de Beille ranar 14 ga Yuli, daidai lokacin da Pogačar ke barin Vingegaard a baya, kuma da ya dawo sai ya tsallake wurin. Wani lokaci katsewar daga tsaunin take, idan hazo ya hana jirage aiki, wannan kuwa ba laifin manhaja ba ne. Tana cin data da batir sosai, rage ingancin hoto kuma yana sa lambobin bayan riguna su dushe. Haka nan kuɗin wata yana sabunta kansa idan ba a dakatar ba, ya kamata mai biya ya lura da ranar.

A zangon ƙarshe manhajar ta yi aikinta yadda ya kamata. Saboda shirin wasannin Olamfik, ba a ƙare a Faris ba kamar yadda aka saba, sai aka yi tseren kowa shi kaɗai da agogo daga Monako zuwa Nice. Irin wannan tsere ba ya kalluwa idan babu alƙaluma, tunda kowane mahayi shi kaɗai ne a hanya, amma da aka jera lokutan da kowa ya yi a wuraren awo na tsakiya, sai ya zama kamar suna gefen juna. Pogačar ya ci zangonsa na shida, ya lashe gasar da ratar minti 6 da daƙiƙa 17 a kan Vingegaard, Remco Evenepoel na Beljiyam ya zo na uku da farar rigar matasa, Richard Carapaz na Ekwado ya tafi da rigar sarkin tsauni mai ɗigon ja. Pogačar ya riga ya lashe Giro, babbar gasar tseren keke ta Italiya, a watan Mayu, kuma rabon da wani ya haɗa biyun a shekara guda tun Marco Pantani a 1998.

Wanda burinsa kawai ya san wa ya ci, ba ya buƙatar biyan ko sisi, taƙaitattun bidiyo na kyauta sun ishe shi. Wanda kuma zai iya ware ko da sa'a biyu a rana, yana kuma son fahimtar dalilin da ya sa mutum bakwai ke ƙarar da ƙarfinsu domin na takwas, zai ga amfanin kuɗinsa, da sharaɗin ya kashe sanarwa tun ranar farko, ya kuma guji shafin taswira idan tsere ya zo ƙarshe. Ni dai na bar rajistar ta ƙara wata guda da gangan, domin gasar mata da aka fara daga Rotterdam a watan Agusta. Ranar ƙarshenta na kalla kai tsaye, shafin alƙaluma a rufe, Demi Vollering ta ci zangon a kan tsaunin Alpe d'Huez ta zauna tana jira, Kasia Niewiadoma ta Folan kuma tana can ƙasa tana fama da hawan, har ta iso ta riƙe rigarta ruwan ɗorawa da daƙiƙa huɗu.