Garejin da ya gano mini matsalar birkin baya a Garwa

Kusan mako 3 tsohuwar motata ƙirar Toyota Corolla ta yi tana wata ƙara daga baya, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse, musamman idan na rage gudu zan hau gadar Binuwai. Bakaniken da na fara kai wa ya canza kayan birkin gaba ya karɓi kuɗinsa, amma ƙarar tana nan ko gezau, har sai da wani abokin aiki ya yi mini kwatancen wani ƙaramin gareji a unguwar Yelwa.

Maigidan garejin bai ɗauki sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya ce, "Alhaji, sai ka taka birki take zuwa, ko kuwa tana nan ko da ƙafarka ba ta kai ba?" Ya bayyana mini cewa gurnanin da ke ƙaruwa da gudun mota, ba tare da an taɓa birki ba, yawanci daga rulma yake fitowa, wato boris ɗin da taya ke juyawa a kansa, ita kuma ƙarar da ake ji da safe bayan ruwan sama ta ɓace bayan an taka birki sau biyu ko uku, tsatsa ce kawai. Daga nan ya zagaya da motar a hankali yana ɗan jan birkin hannu, domin tayoyin baya kaɗai yake kamawa, nan take kuwa ƙarar ta fito daga dama.

Da aka ɗaga motar aka cire tambur, wato ƙwaryar ƙarfen da birkin baya ke aiki a cikinta, jar ƙura ce ta fara zubowa. Takalmin birkin, wato abin da ke matse tambur daga ciki don tsayar da taya, ya cinye har ƙarfe na gugar ƙarfe, alhali ƙa'idar kamfanin ita ce a canza shi da zarar kaurinsa ya sauka zuwa milimita 1. Wani siririn sifirin da ke mayar da takalmin baya ya karye, shi ya sa ɓangaren dama ya riga na hagu ƙarewa. Ya sa na bi cikin tambur ɗin da farce na ji zanen da ya fara yi, sannan ya auna faɗinsa ya nuna mini iyakar da aka rubuta a jikinsa, milimita 201, ya ce bai kai can ba, don haka gogewa ta wadatar. Ya kuma ɗaga robar silindar da ke tura takalmin ya tabbatar man birki ba ya yoyo. Na so a canza na dama kaɗai saboda aljihu, ya ƙi, ya ce rashin daidaito zai sa motar ta riƙa ja gefe guda.

Wurin yana da nasa aibin. Babu wurin zama sai benci a gindin darbejiya, na kuma shafe awa 4 domin sai da yaro ya je kasuwa neman kaya har sau biyu. Ba sa ba da rasit, kuma na ga wani yaronsa yana hure ƙurar birkin da baki, abin da ke iya cutar da huhu.

Kaya da kuɗin aiki duka sefa 18,000 na biya. Bayan mako guda, da na dawo daga Gidar ba tare da na ji ƙarar ba, na koma ya ƙara ɗaure mini birkin hannu, bai kuma karɓi ko dala ba.