Loire ko Provence: ina ya kamata ka kai kekenka a watan Yuli?

Ƙaninmu ɗan Maraɗi da ke karatu a Faris ya kawo tambaya. Yana da hutun kwana 6 a watan Yuli, yana da keken tsere mai siraran tayoyi, mafi nisan da ya taɓa yi a yini guda kilomita 50 ne, kuma yana neman hanyoyin ƙauye inda mota ba za ta riƙa hura masa iska a kunne ba. Wasu sun ce masa kwarin kogin Loire a tsakiyar Faransa, wasu sun ce yankin Provence a kudu maso gabashin ƙasar, ya rasa na ɗauka. Na taka feda a wuraren biyu, to ƙanena, ga abin da na gani.

A Loire akwai hanyar keke da aka shata mai suna Loire à Vélo, wajen kilomita 900, daga kusa da Nevers har bakin teku a Saint-Brevin-les-Pins. Ba wanda ya ce sai ka cinye ta duka. Tsokar tana tsakanin Blois da Saumur, inda fadojin sarakunan dā suke jere, a yankin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma. Mai yin kilomita 50 a gida zai yi 70 a nan bai sani ba, sai dai sirdi ya tuna masa da yamma.

Amma shirun Loire iri guda ne: babu mota, akwai mutane. A watan Yuli hanyar cike take da iyalai, yara na tangaɗi a gabanka, dattawa kan keken lantarki, wani ma ya ɗaure amalanke a baya ya sa kare a ciki. Ga shi wasu wuraren ba kwalta ba ce, tsakuwa ce aka daddale. Taya mai milimita 25 za ta wuce, amma tafin hannunka zai ba ka labari. Don haka mai keken tsere bai kamata ya bi alamar hanyar sau da ƙafa ba. Ka riƙa sauka daga kanta kana shiga ƙananan hanyoyin kudu da kogin: dajin da ke kewaye da fadar Chambord, wadda aka fara ginawa a 1519 kuma katangar dajinta ta kai kilomita 32, kwarin kogin Cher zuwa Chenonceau, fadar da ke tsaye bisa ruwa, kwarin kogin Indre ta Azay-le-Rideau, sannan Chinon. A nan za ka yi minti 20 ba ka ga komai ba sai tan-tan ɗin manomi da gonakin alkama da aka gama girbewa.

Ka lura da lambar hanya. Harafin N babbar hanya ce, ka guje ta. Harafin D ta gunduma ce, C kuma ta ƙaramar hukuma, su ne naka. Sai dai D mai lamba ɗari tara da wani abu galibi tsohuwar N ce aka sauya wa suna, motocin kuwa ba su sauya hali ba. Misali D952 da ke bin arewacin kogin daga Blois zuwa Tours: a taswira tana da kyau, a kan keke tashin hankali ce.

Abin da ba a faɗa wa baƙo shi ne iska. Daga yamma ta fi busowa, daga wajen teku, kuma a kan jingar da aka gina don tare ambaliya babu itacen da zai kare ka. Na taɓa yin yini guda na nufi Saumur ina turawa kamar mai hawan tudu, alhali ƙasa a miƙe take. In da hali, ka fara daga Saumur ka nufo gabas, iskar ta tura ka.

Provence kuwa wata duniya ce, kuma ba zan ɓoye ba, can zuciyata take. Idan ana maganar keken tsere tsantsa, kwalta mai santsi, kwana bayan kwana, hawa da gangara, Loire ba ta kama ƙafarta ba. Ƙauyukan yankin tsaunukan Luberon kamar Gordes, Bonnieux da Ménerbes a kan duwatsu aka kafa su, saboda haka duk garin da ka hango ka ce bari in shiga in sha ruwa, sai ka biya da cinyarka. Roussillon jar ƙasa gare ta, har ta tuna mini ginin jan birji na gida. A ƙasan kwarin akwai hanyar keke da aka shimfiɗa kan tsohon layin dogo, tana bi ta Pont Julien, gadar Rumawa da ta haura shekara 2,000 tana tsaye.

Hanyar da ban taɓa gajiya da ita ba ita ce ta kwazazzabon Nesque, daga Villes-sur-Auzon zuwa Monieux, wajen kilomita 20. Hawan a hankali yake, ba ya cizo. Dutse a hagunka, rami mai zurfi a damanka, hanyar tana kutsawa ta ƙananan ramukan da aka huda a jikin dutsen. Abin dariya, lambarta D942, wato ta karya ƙa'idar da na ba ka yanzu. Dalili shi ne masu sauri zuwa Sault suna da wata hanyar da ta fi miƙewa, sun bar wannan ga 'yan keke da masu yawon buɗe ido. Da ka fito ta sama sai ga gonakin furen labanda na Sault, shuɗi-shuɗi har iya ganinka, kuma a Yuli suke cika.

Sai dutsen Ventoux, wanda na san shi ne ainihin abin da ke jan ka ko da ba ka ambata ba. Tsayinsa kusan mita 1,910. Daga ƙauyen Bédoin da ke gindinsa kilomita 21 da ɗoriya ne, ka hau mita 1,600. Cikin dajin akwai kilomitoci a jere da tsinin hawan ke kai kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari, babu inda ƙafa za ta huta. Daga gidan cin abinci na Chalet Reynard, kilomita 6 na ƙarshe, itatuwa sun ƙare, sai farin dutse da rana. Kusa da ƙololuwa akwai dutsen tunawa da Tom Simpson, ɗan tseren Ingila da ya faɗi ya mutu a wurin ranar 13 ga Yuli, 1967, a gasar Tour de France, cikin tsananin zafi. Na san abin da za ka ce: kai ɗan Maraɗi ne, zafin Turai wasan yara ne. Ni ma haka na ce. Amma a gida da rana ta take, inuwa muke nema, ba mu hau keke mu tunkari dutse ba. Karona na farko na taso daga Bédoin bayan hantsi da gora ɗaya, kafin in fita dajin ruwan ya ƙare, na sauka na zauna a gindin itace ina kallon tsofaffi 'yan shekara 60 suna wuce ni suna gaishe ni. Ga kuma iskar Mistral, mai busowa daga arewa ta kwarin Rhône. Ranar da ta tashi, kan dutsen ba wurin keke ba ne.

Shirun da kake nema ma, Yuli ne lokacin da Provence ta fi rasa shi. Furen labandan da ya jawo ka shi ya jawo kowa: motocin haya, manyan motocin kwana, babura. Hanyar Gordes da tsakar rana ba ta da bambanci da ta kasuwa.

Wajen zuwa, Loire ta fi sauƙi nesa. Daga Faris zuwa Orléans ko Tours awa ɗaya ne ko da ɗan ɗori, kuma layin dogo yana bin kogin, ga jirage masu taragon keke a lokacin bazara. In ƙafa ta ƙi, ka shiga tasha mafi kusa. A Provence jirgi mai sauri zai kai ka Avignon cikin ƙasa da awa 3, ƙarami ya ƙarasa da kai Carpentras ko Cavaillon, daga nan kai da kekenka ne. A jirgi mai sauri sai ka kama wa keken wuri tun da wuri, ko ka kwance shi ka sa a jaka.

Sauran abubuwan kusan ɗaya ne. Nemi masauki mai alamar Accueil Vélo, suna da ɗakin ajiye keke da kayan faci. Kantunan ƙauye suna rufewa da azahar, da yammacin Lahadi, da yawa har Litinin, don haka sayi burodi da safe. In ruwa ya yanke, maƙabartar ƙauye galibi tana da famfo. Duba dai kada an rubuta ba na sha ba ne. A Tours ka kiyayi abin da suke kira rillettes, naman alade ne; cukun akuya na Sainte-Maure ya ishe ka. Mahautan halal suna manyan garuruwa a ɓangarorin biyu. Magariba kuma sai bayan ƙarfe 9 na dare, yini dogo ne. Doka ta ce mota ta ba ka tazarar mita ɗaya da rabi a wajen gari, kuma an hana sa abin jin waƙa a kunne kana kan keke.

Da ni ne kai, a wannan Yulin Loire zan je: jirgi zuwa Saumur, kwana a Chinon, sai Azay-le-Rideau, Amboise ta Chenonceau, Blois, a rufe da zagayen Chambord, kilomita 50 zuwa 70 kullum, in ƙanana hanyoyi aka bi. Provence ka ajiye ta zuwa tsakiyar Satumba, lokacin da zafi ya sauka baƙi suka watse. Ka sauka a Sault, ka fara da Nesque, sannan ka hau Ventoux ta ɓangaren Sault ɗin, kilomita 26 ne amma ya fi na Bédoin sauƙi ƙwarai. Ka fita bayan asuba da gora biyu, ka kuma sa riga mai kauri a aljihu saboda gangarowa.