Wane saiti ya dace da bindigar farautar dare a Amurka?

A jihohin kiwo na Amurka irin su Texas da Kansas, babban abokin gabar mai tumaki shi ne kwayoti, wani ɗan uwan dila da ya fi namu girma. Da dare ake farautarsa, ana kiransa da na'urar da ke kukan zomon da ya shiga tarko. Inda daji ya yi duhuwa, mafarauta kan ajiye bindiga mai cin dogon zango su ɗauki mai watsa ƙwayoyin dalma, irin Remington 870 ko Mossberg 500. Ita wannan iyakarta yadi 40 zuwa 50, dabbar kuwa a guje take isowa. Duk saitin da mutum zai saya, wato na'urar auna harbi da ake ɗaurawa a kan bindiga, da wannan ma'aunin zai auna shi.

Ɗan ɗigon ƙarfen da ke bakin bindiga tun daga masana'anta ba ya ganuwa a duhu. Wanda aka yi da zaren gilashi mai sheƙi ma haka, domin hasken rana yake tattarawa, rana na faɗuwa ya mutu. Mai sinadarin tiritiyam, irin na XS Sights da Meprolight, shi yana haskawa da kansa ba batir, sai dai ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan ya wadatar, muddin kuncinsa na sauka wuri guda a gindin bindiga kowane lokaci. Da rigar sanyi mai kauri, a zaune a ƙasa, hakan ba ya yiwuwa kullum, sai ka ga harbi ya wuce ta saman dabba.

Wannan matsalar ce saiti mai jan ɗigo ya magance. Kamfanin Aimpoint na Suwidin ne ya fito da shi a 1975. Gilashi ne da ba ya ƙara girman abu, ɗigon haske na yawo a cikinsa, inda ya sauka nan harbi zai je ko da kai ya ɗan karkace. Ana harbi da ido biyu a buɗe, abin da ke da muhimmanci idan kwayoti biyu suka ɓullo ta fuska daban. Micro T-2 na Aimpoint na iya yin awa 50,000 da batir guda, amma da tsada. Holosun ya fi sauƙin kuɗi, kuma samfurinsa 510C na da da'ira kewaye da ɗigon. A nisan yadi 40 da'irar na rufe kusan santimita 70, wato kusa da faɗin da ƙwayoyin dalma ke watsuwa a bindigogi da yawa. Ido ya fi saurin cusa dabba mai gudu cikin da'ira a kan neman ƙaramin ɗigo. EOTech ma na da irin da'irar nan da taga mai faɗi, sai dai ya fi nauyi, batirin wasu samfuransa kuma bai fi awa 1,000 ba, sanyin hunturu kuwa cin batir yake yi.

Abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne haske. A shago mutum na gwada yadda ɗigon ke ƙara ƙarfi, alhali da dare raguwarsa ake nema. Ɗigon da ya yi ƙarfi yakan baje ya rufe dabbar gaba ɗaya. A nemi wanda ake iya rage shi sosai da maɓallin da hannu cikin safa zai iya dannawa, a guji mai daidaita kansa, don tocila na rikita shi. Sannan mafarauta da yawa jan tocila suke amfani da ita, saboda dangin kare ba su cika tsorata da jan haske ba. Idon dabbar zai ƙyalla ja, ɗigonka ma ja. Mai jan tocila gara ya sayi koren ɗigo. Wanda idonsa ke ganin fitilun mota suna tartsatsi da dare, ya leƙa saitin kafin ya biya, don shi ma haka zai yi masa. Buɗaɗɗen saiti irin Burris FastFire ba nauyi, amma raɓa ko dusar ƙanƙara na iya toshe mafitar hasken. Rufaffe ya fi jure wa daji.

Sai na'urar ganin zafin jiki, ta Pulsar ko AGM, wadda mai kyau daga cikinta ta kai dubban daloli. Tana nuna dabba daga nisan ɗaruruwan yadi ba tare da kunna fitila ba. A ganina ɗora ta a kan bindigar da ba ta wuce yadi 50 ɓarnar kuɗi ce. Tagar ta ƙuntata, dabba mai gudu a kusa na fita daga cikinta nan take, hasken allon na kashe wa ido ganin dare, kuma ba kowace ke jure bugun bayan wannan bindiga ba. Mai kuɗin ya sayi ta riƙewa a hannu don leƙen fili, ya bar ɗigo da tocila a kan bindiga. Tocilar ce ma za ta tabbatar masa kwayoti ne ba karen maƙwabci ba.

Kafin a biya, a duba ko saman bindigar na da ramukan ɗaura saiti, a zaɓi maɗauri mai ƙasa-ƙasa don kada kunci ya rataye a iska. A kuma duba doka, don kowace jiha da tata. Texas ta yarda da fitila da na'urar zafi a filin da mai shi ya ba da izini. Kansas sai a 2021 ta buɗe wannan ƙofa, da takardar izini ta musamman. Bayan an ɗaura, a kafa faffaɗar takarda a yadi 40, a harba da harsashin da za a fita da shi, a matsar da ɗigon zuwa tsakiyar inda ƙwayoyin suka taru.