MSI Afterburner: manhajar da nake buɗewa kafin in taɓa saitin gem

Idan gem ya fara cijewa a kwamfuta, shawarar da mutum zai samu ba ta wuce uku: rage saiti, sabunta direba (manhajar da ke tafiyar da katin girafik, wato abin da ke zana hoton gem a allo), ko ka sayi sabon katin girafik. Kowace a cikinsu tana iya zama daidai. Matsalar ita ce masu ba da shawarar ba su ga kwamfutarka ba, kai ma da kake zaune a gabanta ba ka ga abin da ke faruwa a cikinta ba. Wannan giɓin MSI Afterburner take cikewa, kuma saboda shi na ga ta cancanci in yi rubutu a kanta, duk da cewa yawancin masu sauke ta wani abu daban suke nema.

An fi saninta da ƙara wa katin girafik gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi. Ni wannan ɓangaren bai dame ni ba. Ƙarin firem, wato hotunan da gem ke fitarwa a daƙiƙa, da ake samu ta nan kaɗan ne, zafin da ake ƙarawa kuma da yawa. Abin da ya riƙe ni shi ne abokiyar tafiyarta, RivaTuner Statistics Server, wadda ake taƙaitawa RTSS. Ita ce take rubuta alƙaluma a kusurwar allo kana tsakiyar wasa. Mutum ɗaya ne ya rubuta su duka biyun, Alexey Nicolaychuk, ɗan Rasha da aka fi sani da Unwinder, kuma tun 2009 Afterburner take hannun mutane. Kyauta ce, ba sai katinka na MSI ne ba, tana karanta na Nvidia da na AMD ko wane kamfani ya haɗa shi. Lokacin sakawa za ta tambaye ka ko a haɗa da RTSS. Ka bar alamar yadda take, don idan ka cire ta ka yar da rabin amfanin.

Fuskarta kuwa, gaskiya, ba ta maraba da baƙo. Manyan da'irori ne da sanduna da lambobi, kuma abin da kake nema yana ɓoye a cikin saiti, a shafin da aka rubuta Monitoring. A can akwai dogon jeri. Sai ka zaɓi abu, ka kunna shi, sannan ka sauko ƙasa ka sake sa alama a Show in On-Screen Display kafin ya bayyana a cikin gem. Wanda bai san da mataki na biyun ba zai shiga gem ya ga wayam, ya ɗauka manhajar ba ta aiki. Wannan tsarin ya tsufa, kuma ban ga dalilin da zai hana a samar da maɓalli guda da zai kunna muhimman abubuwa gaba ɗaya ba.

Abin da na bari a allona shi ne zafin kati, yawan aikin da yake yi, gudunsa, ma'adanarsa (RAM ɗin da ke jikin kati), aikin kowane zare na firosesa (layukan da yake rarraba aiki a kansu), RAM, adadin firem, sai kuma zanen lokacin firem. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan komai, kuma a kansa zan daɗe.

Adadin firem a daƙiƙa matsakaici ne, matsakaici kuma yana rufa asiri. A firem 60, kowane hoto ya kamata ya iso cikin milisakan 16.7. A 30 yana ɗaukar 33.3, a 144 kuma kusan 6.9. To idan hotuna hamsin da tara suka zo da wuri, ɗaya ya tsaya ya ci milisakan 100, lambar da ke kusurwa ba za ta motsa sosai ba, amma hannunka da idonka sun ji cijewar. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Zanen lokacin firem yana fito da wannan a fili: layi ne da ke tafiya a kwance idan komai lafiya, duk inda gem ya cije sai ya yi tsiri sama. Da ka saba da shi, siffar tsirin ma tana ba da labari.

Katina mai ma'adanar gigabait 8 ne, allona kuma 1440p mai 144Hz, wato yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa. Akwai wani gem mai faɗin duniya da nake bugawa, a daji komai sumul, amma da na shiga birni na juya kyamara da sauri sai layin ya cika da tsiri, bangon gidaje ya fito kamar an shafa laka kafin daga baya zanensa ya dawo. Alƙaluman suka nuna ma'adanar kati ta kai maƙura, RAM kuma tana hawa a daidai lokacin. Ma'ana kati ya rasa wurin ajiye zane, yana tura rarar zuwa RAM, hanyar can kuma ta fi nisa da jinkiri. Abu ɗaya na taɓa, ingancin zanen saman abubuwa, na sauke shi mataki guda. Inuwa da haske da nisan gani duk na bar su a sama. Layin ya kwanta. Da lalube nake yi, da na zubar da komai zuwa ƙasa, in zauna ina kallon mummunan hoto ba gaira ba dalili.

Sai dai a yi hattara da wannan lambar. Abin da take nunawa shi ne wurin da gem ya kama, ba lallai wurin da yake buƙata ba. Wasu gem suna kame duk abin da suka samu ko da ba za su yi amfani da shi ba. Cikar ma'adana ita kaɗai ba hujja ba ce, sai ta haɗu da tsiri a zane.

Lamba ta biyu da na fi duba ita ce aikin kati. Idan tana tsakanin 97 da 99 cikin ɗari, kati ne ke ja, kuma rage girman hoto ko kunna DLSS ko FSR, masu zana hoto ƙarami sannan su faɗaɗa shi, zai taimaka. Lissafin a bayyane yake: 1080p ɗigo miliyan 2.07 ne, 1440p miliyan 3.69, 4K kuma miliyan 8.29, duk kati ne zai zana su a kowane firem. Amma idan kati yana zaune a 60 cikin ɗari firem kuma ba ya hawa, to jira yake yi, kuma galibi firosesa yake jira. A nan mutane da yawa suke ruɗewa, don sun duba jimillar aikin firosesa sun ga 30 sun ce ai yana hutawa. A firosesa mai zare 16, zare ɗaya da ya cika maƙil bai wuce kashi 6 da ɗoriya na jimillar ba, kuma wannan zaren ɗaya ya isa ya riƙe gem gaba ɗaya. Shi ya sa nake kunna kowane zare daban duk da cewa yana cika allo. Idan a nan gizo ke saƙar, rage girman hoto ba zai ƙara komai ba. Abin ragewa shi ne yawan jama'a da motoci a cikin gem da nisan abin da ake lodawa, sannan a rufe burauza da sauran abin da ke gudu a baya. A leƙa BIOS kuma, wato saitin kwamfuta na kafin Windows ta tashi, a tabbatar an kunna XMP, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta, don RAM da yawa tana zaune ƙasa da gudun da aka rubuta a kwalinta.

Zafi shi ne mafi sauƙin kamawa. Gem ya fara lafiya, bayan an jima ya soma nauyi: ka duba zafi yana hawa, gudun kati yana sauka. Yawancin katunan Nvidia suna fara ja da baya a wajen digiri 83. Ƙura ce a fanka, ko akwatin ba ya shan iska, ko man da ke tsakanin guntun kati da abin sanyayawa ya bushe. Afterburner tana ba ka damar zana yadda fanka za ta riƙa ƙara gudu da hawan zafi, kuma wannan na yaba masa. Akwai kuma taga da ake buɗewa da Ctrl+F inda ake rage wutar da kati ke sha ba tare da an rage masa gudu sosai ba. Yana aiki, nawa katin ya yi sanyi ya kuma rage ƙara, amma aikin haƙuri ne, kuma babu wani bayani a cikin manhajar da zai kama hannunka. Don zafin ma'adanar kati kuwa na fi dogara da wata manhaja mai suna HWiNFO, wadda ke iya tura alƙalumanta cikin RTSS su fito a wuri ɗaya.

Akwai cijewar da ba laifin kwamfutarka ba ce, kuma zanen yana taimakawa wajen gane ta. Gem da yawa na DirectX 12 suna harhaɗa ƙananan umarnin zane a karon farko da aka ga wani abu, wata fashewa ko wani sabon wuri. Sai ka ga tsiri ɗaya dogo, ka koma ka maimaita wurin ka ga babu. Bayan sabunta direba abin yana dawowa, don an share ajiyar. Wannan ba saitin da zai gyara shi, haƙuri ne maganinsa, ko ka bar gem ya gama harhaɗawar da yake yi a farkon buɗewa maimakon ka tsallake.

Ɓarnar hoto wani babi ne, kuma a nan amfanin manhajar yana raguwa. Ƙanina ya sayi kati na hannu, sai ga ɗige-ɗige kore suna walƙiya a wurare masu duhu, wani lokaci kuma dogon tsinke ya miƙe daga kafaɗar ɗan wasa har ƙarshen allo. Ya kira ni yana cewa, "Yaya, katin nan ya mutu ko?" Abin da na fara sa shi ya yi ba ya buƙatar wata manhaja: ya ɗauki hoton allo daga cikin kwamfutar ya buɗe a wayarsa. Idan ɓarnar ba ta fito a hoton ba, wayar da ta haɗa kati da allo ce ko allon kansa, a sauya wayar HDMI ko DisplayPort a gani. Tasa ta fito. Sai muka sa Steam, manhajar saye da buɗe gem, ta binciki fayilolin gem ɗin, muka goge direba da manhajar DDU a yanayin Safe Mode, intanet a kashe don kada Windows ta riga mu saka nata, muka saka sabo. Ɗigon bai tafi ba. A nan ne Afterburner ta shigo: muka rage wajen 200MHz daga gudun ma'adanar kati, ɗigon ya ɓace. Wannan ba gyara ba ne, shaida ce cewa ma'adanar ta gaji ko wanda ya riƙe katin a baya ya matsa mata. Amma ta ishe shi ya mayar da katin da hujja a hannu. Da tun a allon farko kafin Windows ta tashi ake ganin ɓarnar, da ba ma sai an yi wannan zagayen ba.

Yagewar hoto a kwance, inda rabin sama da rabin ƙasa ba su haɗu ba, ita kuma rashin jituwa ce tsakanin kati da allo. V-Sync, saitin da ke sa kati ya jira allo, yana kashe ta amma yana sa hannu ya yi nauyi. Ni G-Sync ko FreeSync nake kunnawa, masu sa allo ya bi gudun kati, in sa RTSS ta tsayar da firem a 141, ƙasa kaɗan da 144 ɗin allon. Wannan matsayar firem ta RTSS tana cikin abubuwan da na fi so a manhajar, don tana daidaita tazarar hotuna fiye da ta cikin gem da yawa. Firem 60 da ke zuwa a kan kari ya fi mini 90 mai hawa da sauka.

Ga inda take ba da haushi. Wasu gem na intanet masu tsaron maguɗi ba sa shiri da duk manhajar da ke rubutu a kan hotonsu, suna iya ƙin buɗewa ko su rufe kansu. Idan aka tara ta da irin rubutun da manhajojin Discord da Steam ke ɗorawa a kan gem a lokaci guda, wani sa'in su ne ma suke haifar da matsalar da kake nema. Saboda haka idan gem yana faɗuwa, ka gwada shi RTSS a rufe kafin ka zargi kati. Lambar 1% low, wadda ke nuna mafi munin firem, ba ta fitowa sai ka ware maɓalli a shafin Benchmark ka danna shi a cikin gem, kuma babu inda aka gaya maka haka. A laftof sandunan wuta da na fanka galibi a kulle suke, karatu kawai za ka yi. Ko karatun ma ya wadatar, don a nan ne za ka kama gem yana gudu a kan ƙaramin girafik na cikin firosesa, babban katin yana kwance a sifili. Haka ma a tebur idan an soka wayar allo a jikin madabod, babban faifan da komai ke haɗe a kansa, maimakon jikin kati. Akwai kuma ɗan maɓallin da ke sa saitinka ya tashi tare da Windows. Kada ka taɓa shi sai saitin ya daɗe yana aiki ba tangarɗa.

Wurin saukewa ma abin lura ne. A 2021 kamfanin MSI da kansa ya yi gargaɗi game da shafin bogi da ya kwaikwayi nasa yana raba manhajar da cuta a ciki, a 2022 kuma masu binciken tsaro suka gano wasu da yawa da ke ɓoye manhajar haƙar kuɗin kirifto. Wanda ya faɗa wannan tarkon ya je neman ƙarin firem ya dawo da katin da ke yi wa wani aiki dare da rana. Shafin MSI ko na Guru3D kaɗai nake amincewa da su, kuma ba na danna tallan da ke saman sakamakon bincike.

Wanda kawai yake son ganin adadin firem ba ya buƙatar wannan wahalar, Win+G a Windows zai nuna masa firem da aikin kati da RAM. Afterburner ta wanda gem ɗinsa ke cijewa ce alhali lambar tana cewa lafiya lau. A Windows kaɗai take aiki. Masu Linux sai su nemi MangoHud, ita ma tana da zanen lokacin firem.